Kirim ɗin kwakwa na gwangwani ya daskare daga sama: lalacewa ce, kuma yaya ake ajiye sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum Tanti. Ina unguwar Zariya a nan Maradi, ina haɗa lemon ƴaƴan itace na biki da suna, irin wanda ake ce wa koktel, ba giya a ciki. Na sayi gwangwanin kirim ɗin kwakwa don in haɗa da abarba. Da na buɗe sai na tarar sama ya daskare fari kamar kitse, ƙasa kuma ruwa ne mai danƙo. Ya lalace ne? In bai lalace ba, yaya zan ajiye sauran, ga wuta ba ta zama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kwantar da hankalinki, abin da kika gani ba lalacewa ba ce, halin man kwakwa ne. Man kwakwa yana narkewa a wajen digiri 24 zuwa 25. In sanyi ya sauka ƙasa da haka sai ya yi tauri, in zafi ya haura sai ya koma ruwa. Kin san yadda man shanu yake yi a kwalba lokacin ɗari, har sai an kai shi rana kafin ya zubo? To haka ne. A watan Disamba da Janairu, da dare ya yi a Maradi sanyi yana sauka ƙasa da wannan ma'auni sosai, shi ya sa man da ke cikin gwangwanin ya taso sama, don ya fi ruwa rashin nauyi, ya daskare a can, ya bar ruwan sukari a ƙasa. Da a ce a watan Afirilu ko Mayu kika buɗe, lokacin da rana take wuce digiri 40, da ba ki ga farin dunƙule ba, sai dai ki ga mai yana yawo a sama garau. Gwangwani ɗaya ne, yanayi ne ya bambanta.

Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta kwashe farin saman ta yi amfani da shi, ta zubar da ruwan ƙasa, ko kuma ta huda gwangwanin ta tsiyaye ruwan ta bar dunƙulen. Duk wadda ta yi ɗaya daga cikin biyun ta ɓata lissafi. Ƙamshi da maiƙo suna sama, zaƙi yana ƙasa. Sai sun koma abu ɗaya kafin a ɗebi ko cokali guda.

Amma kafin mu je can, duba min jikin gwangwanin, don abu uku ne ake sayarwa masu kama da juna, kuma masu kanti da yawa ba sa bambance su. Akwai madarar kwakwa, wadda ake rubuta wa lait de coco a gwangwanin da ke da Faransanci. Ita ruwa-ruwa ce, ba sukari, kuma bisa ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex, man da ke cikinta ba ya gaza kashi 10 cikin 100. Akwai mai kauri, crème de coco, shi ma ba sukari, mansa daga kashi 20 cikin 100 zuwa sama. Waɗannan biyun na girki ne tun asali, yawancinsu daga Tailan suke zuwa, irin su Aroy-D da Chaokoh, a gwangwani mai mililita 400. Na uku shi ne wanda aka yi domin haɗa abin sha, mai sukari da yawa, mai danƙo kamar madarar gwangwani mai zaƙi. A kayan da ke shigowa ta Dan Isa daga Katsina da Kano, masu rubutun Ingilishi, wannan na ukun cream of coconut ake rubuta masa, na biyun kuma coconut cream. Kalmomin iri ɗaya ne aka juya su, kayan ciki kuwa sun sha bamban. Kada ki dogara da sunan da ke gaba. Juya bayan gwangwanin ki karanta jerin kayan haɗi: in kin ga sucre ko sugar a na farko ko na biyu, mai zaƙin ne a hannunki. Yadda kika ce ruwan ƙasa yana da danƙo, na fi zaton shi ne.

Wannan mai zaƙin a tsibirin Fwato Riko aka ƙirƙiro shi. Wani masanin aikin gona, Ramón López Irizarry, shi ya gano yadda za a haɗa kirim ɗin kwakwa da sukarin rake a zuba a gwangwani, aka sa masa suna Coco López, kuma har gobe shi ne sunan da ya fi shahara, a gwangwani mai giram 425. Da shi aka yi abin shan nan na abarba da kwakwa da ake kira piña colada, wanda otal ɗin Caribe Hilton na birnin San Juan yake cewa a wurinsa aka fara haɗawa a 1954, kuma a 1978 tsibirin ya ayyana shi a matsayin abin shansa na ƙasa. Nasu na asali da giyar rake a ciki. Namu babu, kuma ba ya rasa komai don babu ɗin, abarba da kwakwa su ne masu ɗanɗanon. Kirim ɗin gwangwani shi kansa ba giya a cikinsa. Abin da za ki kiyaye shi ne farar kwalba mai hoton bishiyar kwakwa irin su Malibu: wannan giya ce mai ƙamshin kwakwa, ba kayan aikinki ba ce.

Yanzu gyaran. In gwangwanin ba a buɗe ba tukuna, ki samu ruwan ɗumi, wanda za ki iya tsoma hannu a ciki ba tare da kin janye ba, ki nutsa shi minti goma zuwa sha biyar, sannan ki girgiza da ƙarfi har ki ji abin ciki yana motsi gaba ɗaya. Ki wanke saman gwangwanin da sabulu ki goge kafin ki buɗe, don ƙurar hunturu da duk abin da ya bi ta kansa a sito suna nan, kuma wuƙar buɗewa za ta tura su ciki. Kada ki kuskura ki ɗora rufaffen gwangwani a kan wuta. Naki tunda an riga an buɗe, ki juye shi duka a kwano mai tsabta, ki kankare jikin gwangwanin da cokali, ki ɗora kwanon a cikin wani babba mai ruwan ɗumi, kina juyawa har dunƙulen ya narke. Daga nan ki zuba a injin markaɗe ki kunna kamar rabin minti. In babu wuta, maburgi ya isa, sai dai ki daɗe kina burgawa. Za ki ga ya zama sumul, launinsa ba fari fat ba, ya ɗan yi duhu kaɗan yana sheƙi. Haka yake, ba aibi ba ne.

Na ce ruwan ɗumi, ban ce tafasasshe ba, kuma da dalili. A cikin madarar kwakwa akwai furotin kaɗan da ke riƙe mai da ruwa a haɗe. In zafi ya kai wajen digiri 80, wannan furotin ɗin yana dunƙulewa, sai ki ga kirim ya tsinke ya yi ɓarɓashi, mai ya ware gefe. In ya kai haka, ko kin markaɗa ba ya komawa daidai.

Maganar ajiya ita ce ta fi damuna a tambayarki, don nan ne ake cutar da mutane ba a sani ba. Kayan gwangwani suna daɗewa ne saboda an dafa su a rufe da zafi mai tsanani, wajen digiri 121, har ƙwayoyin cuta suka mutu, kuma babu hanyar da wasu za su shiga. Da zarar kin buɗe, wannan kariyar ta ƙare. Abin da ke gabanki ya tashi daga kayan gwangwani ya koma ɗanyen abinci mai mai da ruwa, ɗan'uwan madarar shanu. Mutane suna cewa ai sukari yana tsare shi. Gaskiya ne yana taimakawa, don sukari yana kama ruwan da ƙwayoyin cuta suke buƙata, shi ya sa mai zaƙin ya fi marar zaƙin jurewa. Amma yis da hunhuna ba sa tsoron sukari. Duk wadda ta taɓa ganin lemon zoɓo mai zaƙi ya kumbura a gora ta san haka.

Kada ki bar shi a gwangwaninsa. Ba ya rufuwa da kyau, iska tana taɓa ƙarfen ta ba kirim ɗin ɗanɗanon ƙarfe, sannan mai yana jan wari fiye da komai. Firigon gidajenmu kuwa kin san abin da ke ciki: ragowar miya mai daddawa, yankakkiyar albasa, kifi. Kwana ɗaya a buɗe ya isa lemonki ya ɗauki warin miya. Ki nemi kwalbar gilashi mai murfi, ki wanke, ki tafasa ta minti goma, ki kife ta bushe sarai. Ɗigon ruwan da ya saura a gindin kwalba yana narka sukarin wurin, kuma daga nan lalacewa take farawa. In kwalbar mayonez ce, shinshina murfin, don shi ne ke riƙe wari. Ki manna takarda ki rubuta ranar da kika buɗe, kada ki ce za ki tuna. Ki ajiye a can ciki, ba a ƙofar firigo ba, don ƙofa ita ta fi shan zafi duk lokacin da yara suka buɗe neman ruwa. Kowane ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, ba wanda aka taɓa abarba da shi ba, balle wanda aka lasa.

Kwana nawa? A firigon da sanyinsa ba ya haura digiri 5, marar sukarin kwana uku zuwa huɗu ne. Mai sukarin yana kaiwa mako ɗaya zuwa biyu. Sai dai wannan lissafin na inda wuta ba ta yankewa ne. Ni a nan Maradi mako ɗaya nake ba shi, a bazara kuma kwana biyar, kuma ba na ƙarawa ko da ƙamshinsa lafiya lau. Firigo in an ɗauke wuta yana riƙe sanyi wajen awa huɗu ne kawai, shi ma in ba a buɗe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki, kuma ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Zafin ɗakinmu a watan Afirilu yana tsakiyar wannan ma'aunin ne, inda suka fi jin daɗi. Saboda haka in wuta ta tafi tun safe ba ta dawo ba har la'asar, ki cire kwalbar ki tura ta cikin kula tsakanin ƙulle-ƙullen ƙanƙara. Ƙanƙarar dala ashirin ta fi asarar gwangwani sauƙi.

Hanyar da ta fi mini ita ce firiza, kuma ita nake so ki riƙe. Bayan kin markaɗa ya haɗu, ki ɗebi na aikin yau, sauran ki rarraba a ƙananan leda irin na ƙullin lemo, kowace leda daidai aikin rana ɗaya, ki matse iskar ki ƙulle, ki zuba su duka a roba mai murfi. Yana kai wata biyu zuwa uku. Za ki lura mai sukarin ba ya yin tauri kamar ƙanƙara, yana tsayawa da laushi. Sukarin ne ya hana, ba firizar ce ta gaza ba, shi ya sa ma ba na son zuba shi a farantin ƙanƙara, don ba ya fita a dunƙule. Ranar aiki ki ciro leda ɗaya ta saki a firigo, ki sake markaɗawa don zai ware. Wanda ya narke kuma ba ya komawa firiza. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyi wajen kwana biyu ba wuta, mai rabin kaya kuwa kwana ɗaya, don haka ki cike gurbin da gorunan ruwa su daskare. Ga wata dabara in za ki yi tafiya: ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora kuɗin ƙarfe a kai. In kin dawo kin tarar kuɗin ya nutse gindin kofi, kayan firizar sun narke sun sake daskarewa a bayanki, kuma kirim ɗin ba na sayar wa mutane ba ne kuma.

Lalacewar gaske tana da alamunta, kuma ba su yi kama da abin da kika gani ba. Tsami a hanci, ƙananan kumfa suna tasowa, murfi ya fesar da iska da aka buɗe, ɗigo-ɗigon hunhuna baƙi ko kore ko ruwan hoda a sama ko a bakin kwalba, yauƙi kamar na kuɓewa. Akwai kuma ɗanɗanon sabulu, wanda mutane da yawa suke ɗauka rashin ɗauraye kwalba ne. Kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne da ake kira lorik asid, shi ne ma ya sa ake yin sabulu da man. In ƙwayoyin hunhuna suka fara farfasa man, wannan sinadarin yana fita, baki ya ji sabulu. Kowace alama kika gani a cikin waɗannan, ki zubar duka. Kada ki kwashe hunhunar sama ki yi aiki da na ƙasa, don a abu mai laushi irin wannan saiwarta ta riga ta ratsa.

Shi kuma gwangwanin da ba a buɗe ba, ki zaɓe shi tun a kanti. Wanda samansa ko gindinsa ya kumbura, wanda ya lotse a kan ɗinki ko a baki, wanda tsatsa ta ci, wanda yake yoyo ko ya fesa ruwa da aka huda, ba a ko ɗanɗana shi. Madarar kwakwa ba ta da tsami, kuma a irin wannan abincin ne ƙwayar da ke kawo gubar botulizim take iya girma in gwangwani ya samu matsala. Gubar ba lalle ta yi wari ba, tana shanye jijiyoyi har ta kai ga numfashi. Na san ana rage kuɗin lotsattsun gwangwanaye a kasuwa, amma araha ba ta ado, balle a abin da mutum ɗari za su sha da sunanki. Ki duba kwanan wata, sannan ki duba inda aka jera su. Gwangwanin da ya yi bazara guda a ƙarƙashin rufin kwano yana shan rana, ko kwanansa bai cika ba, mansa ya soma sauya ɗanɗano. A gida ki ajiye naki a ƙasan kabad, nesa da murhu. In kin ga E223 a jerin kayan haɗi, sinadarin salfayit ne da ake sawa don kada launi ya sauya, kuma yana tayar wa wasu masu asma ciwo, ya kamata ki sani in an tambaye ki.

Wajen haɗawa, ma'aunina kashi ɗaya na kirim, kashi uku na ruwan abarba. A kofi ɗaya, cokalin cin abinci biyu na kirim, wato mililita 30, ruwan abarba cokali shida, matsin lemun tsami kaɗan don ya karya zaƙin, sai ƙanƙara. Gwangwani mai giram 425 yana ba da kofi goma ko sha ɗaya a haka. Ba a ƙara sukari. In abarbar ta nuna sosai har zaƙi ya yi yawa, ki gauraya kirim ɗin kashi uku da madarar kwakwa marar sukari kashi ɗaya, sai dai wannan haɗin kwanansa na marar sukari ne, uku zuwa huɗu.

Tsarin zubawa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Shekarun baya na yi aikin wani ɗaurin aure a cikin ɗari, na zuba ƙanƙara a babbar roba, na kwarara kirim a kanta kai tsaye. Nan take man ya daskare ya zama ƙananan fararen ƙwayoyi suna yawo a saman lemon, masu maƙalewa a dasashi. Sai da muka tace roba guda, kuma duk ƙamshin ya tafi da abin da muka tace. Tun daga ranar, kirim da ruwan abarba nake fara markaɗawa su kaɗai ba sanyi, in sun haɗu sannan ƙanƙara ta shiga a ƙarshe. Kuma ba na haɗawa tun safe don walimar yamma. Abarba da lemun tsami suna da tsami, in sun daɗe tare da kwakwa suna sa ta tsinke, ga shi kuma ruwan abarba ya narka sukarin da ke tsare kirim ɗin, haɗin ya zama mai saurin lalacewa. Ki tafi da su daban-daban a kula, ki haɗa kaɗan-kaɗan a wurin, abin da za a shanye cikin awa ɗaya. Wanda ya saura a roba bayan taro ba ya komawa firigo don gobe.

In mai zaƙin ya yi wuyar samu, kina iya yin naki, kuma ni na fi son ɗanɗanonsa. Gwangwani ɗaya na marar sukari mai mililita 400, sukari giram 350 zuwa 400, gishiri ɗan kaɗan a bakin cokalin shayi. Ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa har sukarin ya narke, ki sauke kafin ya tafasa, ki markaɗa, ki bar shi ya huce a rufe, ki zuba a kwalba. Zai fi na kamfani saurin warewa don babu sinadaran da ke riƙe shi, girgizawa ce maganinsa. Da ɗanyar kwakwa ma ana yi, yadda muke yi wa kunun aya: a fasa, a kankare bayan, a goga ko a markaɗa da ruwan ɗumi kaɗan, a matse a ƙyalle mai tsabta, a ɗauki matsin farko mai kauri. Shi wannan ba a dafa shi a gwangwani ba, saboda haka kwana biyu nake ba shi a firigo ko da sukari, sauran firiza. Ki gwada shi da aya ma, tunda ƙasar Maradi ita ce gidan aya a Nijar: cokali biyu a kofin kunun aya marar sukari yana ba da abin sha mai kauri da baƙi suke tambayar sunansa.

Tukar da ta saura a ƙyalle kuwa, ko ki soya ta a busasshen kasko a ranar don alawa ko cincin, ko ki sa ta a firiza, ko ki zubar. Kada ki bar ta a jiƙe a rufe cikin zafi ta kwana. A tsibirin Jaba na Indonesiya an daɗe ana yin wani abinci da tukar kwakwa da aka bari ta ruɓa, kuma wata ƙwaya da ke son jiƙaƙƙiyar kwakwa a ɗumi tana haifar da guba a cikinta, gubar da dafuwa ba ta kashewa. Ta hallaka mutane da yawa har gwamnatin ƙasar ta hana yin abincin.

Naki gwangwanin da kika riga kika buɗe, in tun da kika buɗe yana firigo kuma bai wuce kwana biyu ba, ki juye shi yau, ki shinshina, ki narkar a ruwan ɗumi, ki markaɗa ki rarraba a leda. In kuwa a kan tebur ya kwana a buɗe, ki haƙura da shi ki sayi wani.